White Noise, Cat's Cradle ko The Corrections: Wanne Ya Kamata Ka Saya Ka Karanta?

Mai neman ƙagaggen labari na Turanci da ke yi wa rayuwar iyalin Amurka shaguɓe, da yadda saye-saye ya zame musu jaraba, da fargabar ranar da kimiyya za ta kuɓuce wa masu ita, zai iske littattafai uku a gabansa. Akwai Cat's Cradle na Kurt Vonnegut da ya fito a 1963, da White Noise na Don DeLillo na 1985, da The Corrections na Jonathan Franzen na 2001. Ga kuma fim ɗin White Noise na 2022, wanda wasu ke ganin zai rage musu wahalar karatu. Littafin waje ba arha yake zuwa hannu ba, lokacin karatu ma ba a kan hanya ake tsintar sa ba, don haka gara mutum ya san abin da zai tarar kafin ya fitar da kuɗinsa. A sani tun yanzu, bayanin da ke ƙasa zai tona wasu sirrikan labaran, domin ba yadda za a yi maganar haɗarin littafi ba tare da an faɗi abin da ke cikinsa ba.

Ma'aunan da za a bi

Na farko shi ne cikar jigo. Abubuwa uku ake nema, iyali da jarabar saye da tsoron bala'in fasaha, kuma ba kowane littafi ne ya haɗa su daidai ba. Na biyu nauyin Turancin da tsarin labarin, watau ko wanda ya koyi Turanci a makaranta zai iya bi ba tare da ƙamus a cinya ba. Na uku tsada, ta kuɗi da ta lokaci. Na huɗu ƙarko, kuma iri biyu ne: ko labarin ya tsufa, da ko kwafin da ka saya zai jure hannu. Na biyar haɗari: abin da zai iya sa ka ajiye littafin a tsakiya, ko ka yi masa gurguwar fahimta, ko ka ji kunya don ka miƙa shi ga ƙanenka ko ɗalibinka ba ka san abin da ke ciki ba.

White Noise

Mai ba da labarin shi ne Jack Gladney, farfesa a wata kwaleji da ke ƙaramin garin Blacksmith. Shi ya ƙirƙiro sashen nazarin Hitler a 1968, ya yi suna da shi, amma bai iya Jamusanci ba, yana koyo a ɓoye don kada asirinsa ya tonu a taron masana da ke tafe. Matarsa Babette ce, kuma yaran gidan huɗu, Heinrich da Denise da Steffie da ƙaramin su Wilder, daga aure daban-daban suka fito. Mai karatun da ya saba da gidan 'yan uba da agololi ba zai sha wahalar gane zaman ba, sai dai lissafin wane ɗan wace ce yana rikita mutum a babukan farko. Dabarar ita ce a rubuta sunayen a bayan bango tun daga shafi na goma.

Littafin kashi uku ne, babi 40. Kashin farko kusan babu wani abu da ke faruwa, kuma a nan ne mafi yawan masu ajiye shi ke ajiyewa. Hira ce a kicin, da zuwa babban kanti, da kallon talabijin ranar Juma'a da dare inda iyalin ke zuba wa ambaliya da girgizar ƙasa ido suna son ƙari. Abokin aikin Jack, Murray Siskind, yana kallon kanti a matsayin wurin ibada, yana shinshina kaya yana fassara launin kwalaye. Akwai wurin da wani abokin aiki ya ga Jack ba tare da rigar farfesa da baƙin tabarau ba, ya ce masa ashe shi ba abin tsoro ba ne. Maganin da Jack ya yi wa wannan ƙasƙanci shi ne ya kwashi iyalinsa zuwa rukunin kantuna ya yi ta saye har ya ji ya dawo mutum. Wanda bai kula da wannan fage ba ya rasa rabin abin da littafin ke faɗi game da saye-saye: ba kwaɗayi ke kai mutanen nan kanti ba, tsoro ne.

Kashi na biyu babi ɗaya ne tak, na 21, kuma shi ne ƙashin bayan littafin. Wani taragon jirgin ƙasa ya fashe, gubar da ake kira Nyodene D. ta tashi sama ta zama baƙin gajimare. Rediyo yana ta sauya wa abin suna, kowane sabon suna ya fi na baya kama da harshen hukuma. Yana kuma sauya jerin alamun cutar, 'yan matan gidan kuwa sai su fara jin alamar bayan an sanar da ita, har yayansu Heinrich ya riƙa gaya musu alamar da suke ji ta tsufa, an fitar da sabuwa. Jack ya dage cewa irin wannan masifa talakawan da ke zaune a wuraren da ba kariya take faɗa wa, shi kuwa farfesa ne. Daga baya aka ce kowa ya bar gari. A hanya ya tsaya zuba mai, ya yi minti biyu da rabi a fili, kuma wannan ya isa. Jami'in da ya shigar da bayanansa a kwamfuta ya ce masa gubar tana shekara 30 a jiki, za a fi sanin matsayinsa bayan shekara 15. Jami'in nan ma'aikacin wani shiri ne na atisayen kwashe jama'a, kuma suna amfani da bala'in gaske ne don su gyara atisayen nasu. Irin barkwancin DeLillo ke nan: ba ya sa ka ƙyalƙyala, sai dai ka yi murmushi cikinka na juyawa.

Kashi na uku ya koma kan wata ƙwaya mai suna Dylar da aka ce tana kashe tsoron mutuwa. Babette ta shiga gwajinta a ɓoye, da aka dakatar da gwajin sai ta riƙa ba da kanta ga mutumin da ke kula da shi don ta ci gaba da samu. Wanda ya san tarihin gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da shari'o'in da suka biyo baya, zai karanta wannan kashi da wani ido daban, ko da yake a littafin babbar mace ce ta kai kanta.

A ma'aunin jigo, wannan ne kaɗai cikin ukun da ya haɗa iyali da saye da bala'i a wuri guda, kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Turancinsa matsakaici ne. Jimlolin gajeru ne, kalmomin ba su da tsauri, wahalar tana wajen gane inda ake wasa. Mutanen littafin duk suna magana ne kamar masu gabatar da lacca, har yara, kuma da gangan aka yi haka. Wanda ya ɗauke shi a matsayin labarin zahiri zai ce marubucin bai iya rubuta hira ba. Sannan akwai sunayen kayan kasuwa da ke faɗowa uku-uku a tsakiyar labari ba gaira ba dalili, har da wurin da Steffie ke ambaton sunan wata motar Toyota cikin barci, uban yana saurare tamkar addu'a take. Ba kuskuren ɗab'i ba ne, muryar talla ce da ta shige cikin kan mutane.

Bugun farko na kamfanin Viking shafi 326 ne. Mai karanta shafi 15 a rana zai gama cikin mako uku da ɗan ɗoriya. Ƙarkonsa kuwa ba a magana. Ya fito a Janairun 1985, makonni kaɗan bayan iskar guba ta masana'antar Union Carbide ta hallaka dubban mutane a Bhopal ta Indiya a Disambar 1984, ya kuma ci kyautar National Book Award ta wannan shekara. A ranar 3 ga Fabrairu 2023 jirgin ƙasa ɗauke da sinadarai ya kauce daga layi a garin East Palestine na jihar Ohio, aka kwashe mutane, baƙin hayaƙi ya turnuƙe sama, jama'a suka sake komawa kan littafin. Abin da ya tsufa a cikinsa kayan aiki ne kawai: rediyo da talabijin da jaridun tsegumi na bakin kanti. Ka sa wayar hannu a gurbinsu, sauran duk yana nan.

Haɗarinsa uku ne. Jan jikin kashin farko, wanda aka ambata. Sai batun Hitler, da wasu ke zaton ɗaukaka shi ake yi, alhali jami'a ake yi wa ba'a, da mutumin da ke fakewa a bayan sunan wanda ya fi kowa alaƙa da mutuwa don ya manta tasa. Na uku abubuwan da ba su dace da yara ba: hirar miji da mata a gado a farkon littafi, cin amanar aure, harbin bindiga, da wani fage kusa da ƙarshe inda wata 'yar zuhudu Bajamushiya ke shaida wa Jack cewa su ma ba su yi imani da Aljanna ba, suna nuna imanin ne saboda sauran mutane su samu natsuwa. Babu batsa filla-filla, amma littafin manya ne.

Cat's Cradle

Vonnegut ya san abin da yake magana a kai ta fuska biyu. Yana fursunan yaƙi a Dresden ta Jamus lokacin da aka yi wa birnin ruwan bama-bamai a 1945, daga baya kuma ya yi aikin hulɗa da jama'a a kamfanin General Electric, inda yayansa Bernard yake binciken kimiyya. Littafin ya fito a shekarar da ta biyo bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba na 1962, lokacin da tsoron nukiliya ke kan ganiyarsa.

Mai ba da labarin yana so ya rubuta littafi kan ranar da aka jefa bam a Hiroshima, sai bincike ya kai shi ga 'ya'yan Felix Hoenikker, masanin da aka ƙirƙira a matsayin ɗaya daga cikin iyayen bam ɗin. Kafin ya mutu, Felix ya haɗa wani nau'in ƙanƙara da ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan digiri 46 a ma'aunin Salshiyas, kuma duk ruwan da ya taɓa sai ya daskare ya zama irinsa. Dalilin ƙirƙirar ba wani babba ba ne: wani janar ne ya yi ƙorafin sojojinsa na maƙalewa a taɓo. 'Ya'yan uku, Angela da Frank da Newt, suka raba gutsuren a tsakaninsu, kowa ya sayar da nasa don abin da ya rasa a gida. Angela ta samu miji, Frank ya samu muƙami a tsibirin San Lorenzo, Newt ya samu soyayyar 'yan kwanaki da wata 'yar rawa da ashe 'yar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet ce. Ƙarshenta ƙanƙarar ta faɗa teku.

A fannin bala'in fasaha ya fi sauran biyun ƙarfi nesa ba kusa ba, domin a nan duniyar ce gaba ɗaya ta tafi. Iyali yana nan amma daga nesa ake hango shi, ta bakin 'ya'yan da ubansu bai taɓa kula da su ba. Saye-saye kuwa kusan babu, in ban da wani ɗan kasuwa Ba'amurke da ke son kai masana'antar kekuna tsibirin saboda arhar ma'aikata. Wanda jarabar kanti ce ta kawo shi, ba zai ƙoshi a nan ba.

Shi ne mafi sauƙin Turanci. Babi 127 ne, yawancinsu shafi ɗaya zuwa uku, kowanne da kansa mai ban dariya. Babi goma a rana, kafin mako biyu an gama, kuma yana karantuwa a waya a cikin mota ko a layin banki ba tare da zaren ya tsinke ba. Yawan shafuka ya danganta da bugu, amma shi ne mafi ƙanƙanta, kuma da yake ya haura shekara 60 ana sake buga shi, ya fi yiwuwa a tsince shi cikin gwanjon littattafai. Jami'ar Chicago ta karɓe shi a 1971 a matsayin kundin digiri na biyu na marubucin a fannin nazarin al'ummomi, abin da ke nuna cewa sauƙin harshen bai rage masa nauyi ba.

Babban abin lura shi ne addinin da Vonnegut ya ƙirƙira wa mutanen tsibirin, na wani mai suna Bokonon, wanda littafinsa mai tsarki ya buɗe da shaida cewa duk abin da ke cikinsa ƙarya ne. Wannan ba ado ba ne da za a tsallake, rabin littafin a kansa yake, kuma saƙon shi ne ƙarya mai sanyaya rai ta fi gaskiyar kimiyya mai kisa. Mai karatu mai riƙo da addini zai iya bin sa a matsayin tunanin marubucin da yaƙi ya girgiza, amma malamin da zai sa shi a aji ya shirya wa tambayoyi. Akwai kuma kashe kansu da kansu na taron jama'a a ƙarshe, da yadda aka zana mutanen tsibirin da Turancinsu, wanda idon yau ke gani da ɗan raini.

The Corrections

Alfred Lambert tsohon injiniyan kamfanin jirgin ƙasa ne, cutar Parkinson da ruɗewar tsufa suna cin sa. Matarsa Enid ba ta da buri sai 'ya'yansu uku su dawo gida garin St. Jude a yi bikin Kirsimeti na ƙarshe tare. Gary ma'aikacin banki ne a Philadelphia da ke musun cewa ciwon damuwa ya kama shi. Chip malamin kwaleji ne da aka kora saboda alaƙa da ɗaliba, ya ƙare a Lituweniya yana taya wani ɗan siyasa damfarar masu zuba jari na Amurka ta shafin intanet. Denise ƙwararriyar mai dafa abinci ce da rayuwarta ta cakuɗe.

A kan iyali babu mai kama ƙafarsa cikin ukun. Rigimar wa zai kula da tsoho, da suruka da ba ta son zuwa gidan iyayen miji, da ɗan da ke lissafin kuɗin gidan tun iyayen na raye, da uwa mai ɓoye wasiƙa, duk an bi su dalla-dalla har mutum ya ji kamar labarin maƙwabtansa ake ba shi. Saye-saye da hannun jari suna nan da ƙarfi: wani kamfani ya yi tayin dala 5,000 kan haƙƙin wata ƙirƙira ta Alfred don haɗa maganin gyara ƙwaƙwalwa, Gary ya fusata da ƙarancin kuɗin, sannan ya je neman hannun jarin kamfanin. Sai dai bala'in fasaha irin na gajimaren guba ko ƙarewar duniya babu shi. Tsoron da ke nan na ƙwayoyi ne da faɗuwar kasuwa.

Shafi 568 ne a bugun farko na Farrar, Straus and Giroux, watau kusan mako shida ga mai shafi 15 a rana. Jimlolin dogaye ne, cike da kalmomin likitanci da na banki da na girki, kuma kowane kashi yana komawa baya shekaru kafin ya dawo. Shi ne mafi nauyi a hannu, don haka mafi tsadar aikowa in daga waje za a sayo. Ya fito a farkon Satumbar 2001, ya ci National Book Award, ya kuma yi suna da taƙaddamar da ta biyo bayan mai gabatar da shirin talabijin Oprah Winfrey ta zaɓe shi a ƙungiyar karatunta marubucin ya nuna ɗari-ɗari. Kashin Lituweniya da zazzaɓin hannun jarin ƙarshen shekarun 1990 sun ɗan tsufa, amma ciwon Alfred bai tsufa ba.

Haɗarinsa ya fi na sauran girma, kuma gara a faɗe shi kai tsaye. Akwai bayanin jima'i a fili a wurare da dama, da alaƙar Denise da maigidanta na aiki da kuma matarsa, da shan ƙwaya, da wani dogon fage na ruɗewar Alfred mai ƙazanta ƙwarai. Ba littafin da za a bari a falo ba ne, ba kuma na ƙungiyar karatu mai haɗa matasa ba.

Fim ɗin fa?

Noah Baumbach ne ya shirya shi, Adam Driver ya fito a Jack, Greta Gerwig a Babette, Don Cheadle a Murray. Shi ya buɗe bikin fina-finai na Venice a 2022, ya hau Netflix a ƙarshen Disambar shekarar. Tsawonsa minti 136. A Ohio aka ɗauke shi, har wasu mazauna East Palestine suka fito cikin taron masu gudun hijira, fiye da shekara guda kafin abin ya same su da gaske. Kuɗinsa rajistar wata ne da data: kusan giga 1 a awa a matsakaicin hoto, har zuwa giga 3 a hoto mai kaifi, don haka a sauke shi a ƙaramin inganci in ana tattali.

Ya yi kyau wajen nuna kwashe gari da hasken kanti. Abin da ya ɓace shi ne muryar Jack, alhali rabin shaguɓen yana cikin tazarar da ke tsakanin abin da yake gani da yadda yake ba da labarinsa. Hirar da ke aiki a takarda tana zama baƙuwa a bakin 'yan wasa, da sauri kuma suke yi suna hawa kan juna, sai da rubutun fassara a ƙasa ake bi. An kuma sassauta ƙarshen. Ɗalibin da ya dogara da fim ya rubuta jarrabawa zai kawo fagen da babu shi a littafi, malami kuwa nan take zai gane.

Jadawali

| Ma'auni | White Noise | Cat's Cradle | The Corrections | Fim |
|---|---|---|---|---|
| Shekara | 1985 | 1963 | 2001 | 2022 |
| Iyali | ƙarfi | matsakaici | mafi ƙarfi | ƙarfi |
| Jarabar saye | mafi ƙarfi | rauni | ƙarfi | ƙarfi |
| Bala'in fasaha | ƙarfi | mafi ƙarfi | rauni | ƙarfi |
| Girma | babi 40, shafi 326 | gajerun babi 127 | shafi 568 | minti 136 |
| Turanci | matsakaici | mai sauƙi | mai nauyi | magana da sauri |
| Lokaci | mako 3 | ƙasa da mako 2 | kusan mako 6 | dare ɗaya |
| Babban haɗari | jan jiki a farko | batun addini | batsa a fili | ya saɓa wa littafi |

Takarda, waya ko sauti

Duk ukun suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka har yanzu, don haka kwafin kyauta da ke yawo a intanet na sata ne. Ban da haramcinsa, yana zuwa da matsaloli na zahiri: shafuka na ɓacewa, lambobin shafi ba sa dacewa da kowane bugu, wanda ke lalata madogara a aikin jami'a, kuma shafukan da ke raba shi sukan liƙa manhaja mai cutar da waya. Kwafin lantarki na halal daga Kindle ko Google Play Books yakan fi na takarda sauƙi in an haɗa da kuɗin aikowa, yana da ƙamus a ciki, abin da ke da amfani sosai ga The Corrections, amma yana buƙatar katin da ke biyan kuɗin waje, kuma farashinsa na bin canjin dala.

Kwafin gwanjo shi ne mafi arha in an dace. Kafin a biya, a buɗe tsakiyar littafin a duba gam ɗin ƙashin baya, domin iskar hunturu tana busar da shi shafuka su fara zubewa, kuma littafi mai kauri irin na Franzen ya fi saurin tsagewa biyu. A duba shafin ƙarshe yana nan, a duba ramukan gara da tabon ruwa. Ga White Noise akwai bugu na musamman na Viking Critical Library da Mark Osteen ya shirya a 1998, ɗauke da cikakken labarin da hirarrakin marubucin da sharhin masana. Ya fi tsada, amma ga mai rubuta kundi ya tanadar masa madogara da dama a bango ɗaya. Na sauti ya dace da Cat's Cradle saboda gajerun babukansa. Bai dace da karatun farko na White Noise ba, domin sunayen kayan da ke kutsowa cikin labari suna rikita kunne in ido bai gan su a shafi ba.

Wa ya ɗauki wanne

Wanda yake son jigogin nan uku a dunƙule, ko ɗalibin da zai rubuta kundi kan saye-saye da kafofin watsa labarai ko gurɓatar muhalli a adabi, ya ɗauki White Noise, bugun Osteen in aljihu ya yarda. Ya yi wa kansa alkawarin ba zai yanke hukunci ba sai ya gama babi na 21. In har ya kai nan bai kamu ba, to ya ajiye, kashi na uku ba zai sauya masa ra'ayi ba.

Wanda bai taɓa gama ƙagaggen labarin Turanci ba, ko lokacinsa gutsure-gutsure ne, ko tambayarsa ita ce alhakin masanin kimiyya kan abin da ya ƙirƙira, ya fara da Cat's Cradle. Shi ne kuma ya fi dacewa da ƙungiyar karatu ta manya mai haɗuwa mako-mako, muddin an sanar da mambobi batun Bokonon tun kafin a saya.

The Corrections na wanda Turancinsa ya nuna ne, yake da wata ɗaya da rabi, kuma abin da ke ransa shi ne tsufan iyaye da rabon nauyi tsakanin 'yan'uwa. Wanda bayanin jima'i a fili ke hana shi ci gaba da karatu kada ya ɓata kuɗinsa. Mai neman bala'in fasaha ma haka.

Fim ɗin na wanda ya riga ya karanta littafin ne yake son ganin gajimaren da idonsa, ko malamin da zai nuna wa aji fagen kwashe gari na 'yan mintuna kafin a tattauna babi na 21. Mai kuɗin littafi biyu ya sayi Cat's Cradle da White Noise, ya karanta su a wannan jeri: na farkon zai saba masa da barkwanci mai ɗaci cikin Turanci mai sauƙi, sai ya shiga na biyun ya riga ya san ba kowace magana ake ɗauka a kan fuskarta ba.